Giɓin da ke cikin babbar manhaja: haƙuri, manhajar waje, ko sauya sheƙa?

Babu babbar manhajar kwamfuta, wato wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya irin Windows da macOS da Linux, da ta zo a cike. Windows 11 ta fito a watan Oktoban 2021 ba tare da damar matsar da sandar ƙasan allo zuwa sama ko gefe ba, abin da masu Windows suka shekara da shekaru suna yi. Kwamfutar Mac tana karanta faifan ajiyar da aka tsara da NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, amma ba ta iya rubutu a kansa. GNOME, ɗaya daga cikin manyan fuskokin Linux, ta daina nuna fayiloli a kan fuskar allo tun 2018. Duk wanda ya ci karo da irin wannan, abin da ya fara zuwa masa shi ne ya shiga intanet ya nemo manhajar da za ta toshe giɓin, kuma da wuya ya rasa. Samun ta ba ya wahala. Abin da ke wahala shi ne sanin wadda za ka iya jingina da ita shekara biyu ko uku ba ta kayar da kai ba.

Hanyoyi biyar ne a gabanka: ka zauna da abin da ke ciki, ka ɗauki ƙarin da kamfanin babbar manhajar ya fitar da kansa, ka saka manhajar waje mai zaman kanta, ka saka wadda ke kutsawa cikin jikin babbar manhajar, ko ka tattara ka koma wata babbar manhajar dungurungum.

Abin da za a auna su da shi

Kuɗi shi ne kowa ke fara tambaya. A nan a duba ko biya ɗaya ne ko na duk shekara, lasisin na kwamfuta nawa ne, kuma in sabuwar siga ta fito sai an sake biya ko a'a. Idan ta kyauta ce, a tambayi da me mai ita yake ci.

Ɗorewa tana da fuska biyu. Shin manhajar za ta tsallake sabuntawar da ke tafe ba ta karye ba? Shi kuma mai ita, zai ci gaba da kula da ita, ko zai gaji, ko ya sayar wa wani?

Sauƙi ba na ranar sakawa nake nufi ba, don wannan kusan duk ɗaya ne. Na bayan shekara nake nufi: wa ke sabunta ta, kuma ranar da ka sayi sabuwar kwamfuta, awa nawa za ka ɓata kafin komai ya koma yadda ka saba.

Haɗari kuwa shi ne wane izini ta karɓa daga gare ka, kuma in ta lalace ko aka yi mata kutse, da me za ta tafi.

A ganina waɗannan ukun na ƙarshe duk a wuyan abu ɗaya suke rataye, wato iya zurfin da manhajar ta shiga. Wanda ya kama hayar ɗaki ya shigo da kujerarsa da fankarsa, ranar da mai gida ya zo gyara sai dai ya ɗan ja su gefe. Wanda kuwa ya fasa bango ya ja wayar wuta ta inda ya ga dama, shi zai kwana a duhu idan aka sauya wayoyin gidan, kuma ba shi da bakin ƙorafi tunda ba wanda ya ba shi izini. Mutane sun fi tsayawa kan "ta kyauta ce ko ta kuɗi", alhali zurfin ne ke raba manhajar da za ta zauna lafiya da wadda za ta hana kwamfuta tashi.

Ta ɗaya: zama da abin da ke ciki

Ba ko sisi, ba abin sabuntawa daban, ba sabon haɗari. Sannan da yawa daga abin da ake ɗauka giɓi ne, an daɗe da cike su, labari ne bai iso ba. Tun 2018 Windows ke ajiye jerin abubuwan da ka kwafa. Danna maɓallin Windows da V ka gani. Windows da Shift da S na yanko hoton allo. Windows 10 ta zo da damar mayar da kowane rubutu PDF ta hanyar bugawa. Tun Windows 8 ta 2012 Defender ya zama cikakken mai gadin ƙwayoyin cuta a ciki. Duk da haka har yau za ka ga an buɗe sabuwar kwamfuta an jera mata manhajoji huɗu na waɗannan ayyukan, saboda haka aka saba yi tun zamanin Windows XP.

Giɓin gaske ma yakan rufe da kansa. Manhajar f.lux ta fito a 2009 tana rage shuɗin hasken allo da dare; a 2017 Windows da Mac duk suka saka irin wannan a ciki. Mai binciken fayil na Windows ya samu shafuka da yawa a taga ɗaya a 2022, a shekarar kuma aka dawo da jan fayil a sake shi kan sandar ƙasa. A 2023 Windows ta fara buɗe matsattsun fayiloli irin RAR da 7z da kanta.

Sai dai haƙurin na da tsawo. Windows 7 ta kawo manna taga a rabin allo a 2009. Masu Mac sai a 2024, da fitowar sigar macOS mai suna Sequoia, suka samu irin wannan jeren tagogi ta hanyar ja zuwa gefe. Shekara 15 ke nan. Kuma abin da ya zo a ciki sau da yawa rabin aiki yake yi: Windows za ta buɗe maka RAR, amma in an kulle shi da kalmar sirri sai ta tsaya.

Akwai kuma kewaye, wanda mutane ke mantawa da shi. Ka ɗauki mai Mac da ya jona faifan abokin aikinsa. Ga fayiloli nan yana gani, yana buɗewa, yana kwafowa, amma da ya ja nasa fayil zuwa ciki sai ya ƙi sauka, ko sunan folda ba ya iya canzawa. Faifan na NTFS ne. Zai iya sayen manhajar da ke ba Mac damar rubutu a kan NTFS. Zai kuma iya kwashe abin da ke faifan, ya sake tsara shi da exFAT, wanda Windows da Mac duk ke karantawa suna rubutawa ba da taimakon kowa ba. Abu biyu ne abin lura: sake tsarawa na goge komai, kuma exFAT ba ya jure a fizge faifai ana tsakiyar rubutu kamar yadda NTFS ke jurewa.

Ta biyu: ƙari daga mai babbar manhajar

A Windows wannan na nufin PowerToys, ƙunshin ƙananan kayan aiki da Microsoft ya farfaɗo da shi a 2019. Kyauta ne, amma ba ya zuwa a ciki sai ka sauke. Akwai mai raba allo gida-gida yadda kake so, mai sauya sunayen ɗaruruwan fayiloli a lokaci ɗaya, mai canza aikin maɓallai, da mai ciro rubutu daga hoto. Haka nan ƙarin da ke sa Windows ta kunna nau'in bidiyon da ake kira HEVC, wanda ake sayarwa senti 99 a shagon Microsoft.

Haɗarinsa kaɗan ne, ɗorewarsa da dama-dama, tunda kamfani ɗaya ne ke riƙe da gidan da ƙarin. Iyakarsa a fili take: abin da kamfani ya cire da gangan ba zai dawo maka da shi ta bayan gida ba. PowerToys ba zai ba ka tsohon Start ba.

Ta uku: manhajar waje mai zaman kanta

Nan ne alheri ya fi yawa. 7-Zip, mai matse fayiloli da buɗe su, na nan tun 1999. VLC, mai kunna bidiyo da sauti, ta zama ta kowa da kowa a 2001, kuma da Windows 8 ta daina kunna faifan DVD ita ce ta rufa wa mutane asiri. A Mac akwai Rectangle mai jera tagogi. Irin waɗannan suna buɗewa kamar kowace manhaja, su yi aikinsu ta ƙofofin da babbar manhaja ta tanada a hukumance, su rufe. Shi ya sa 7-Zip ta ratsa XP da Vista da 7 da 8 da 10 da 11 tana nan daram. In ta lalace, ita kaɗai ta lalace. Ka cire ta, kwamfuta ba ta san an yi ba.

Wadda ta fi nuna amfanin wannan hanya a wurina ita ce Everything, mai neman fayil a Windows. Ka rubuta haruffa uku na sunan fayil, kafin ka ɗaga yatsa jerin ya sauko, ka ƙara harafi ya ragu nan take, ko da fayiloli dubu ɗari ne a kwamfutar. Dalili shi ne ba ta bin folda-folda tana leƙe. Tana karanta babban kundin da NTFS ke rubuta sunan kowane fayil a ciki, sannan ta riƙa bin canje-canjen da ke biyo baya. Don ta kai ga wannan kundi tana buƙatar izinin mai gudanarwa, kuma gwanintarta a sunaye take, neman kalma a cikin takarda ba ya yi mata wannan saurin. Wanda ya saba da ita, binciken Windows sai ya riƙa yi masa kamar an ɗaure ƙafa.

Wahalar wannan hanya a sabuntawa take, domin nauyin ya dawo kanka. WinRAR, mai matse fayiloli da buɗe su, misali ce mai kyau. A 2023 aka gano ɓaraka a cikinta da ke sa buɗe fayil mai kama da hoto ko takarda ya kunna mugun shiri. An toshe ta a siga ta 6.23 cikin watan Agusta, amma a watan Oktoba masu binciken tsaro na Google suka ba da rahoton cewa ƙungiyoyin kutse masu goyon bayan gwamnatoci na ci gaba da amfani da ita. Gyara ya fito, mutane ne ba su ɗauka ba, saboda WinRAR ba ta sabunta kanta. 7-Zip ma haka take. Maganin ba shi da tsada: a Windows umarnin `winget upgrade --all` na sabunta yawancinsu a zama ɗaya, a Mac akwai Homebrew mai irin wannan aiki, a Linux rumbun manhajojin da ke zuwa da ita ya riga ya ɗauke maka wannan. Wanda ba zai taɓa tuna yin haka ba, gara ya rage yawan abin da yake sakawa.

Haɗari na biyu shi ne inda ka sauko da ita. Sakamakon farko a shafin bincike sau da yawa talla ne, kuma masu damfara kan sayi tallan da sunan sanannun manhajoji su kai ka shafin bogi mai kama da na gaske. Ga kuma shafukan tara manhajoji da ke cusa wasu abubuwa cikin mai sakawa, kana danna "gaba, gaba" ka wayi gari burauzarka ta canza. Ko shafin asali ma ba tabbas ba ne ɗari bisa ɗari. A 2017 masu kutse suka shiga inda ake haɗa CCleaner, manhajar share tarkacen kwamfuta, siga ta 5.33 ta fita daga shafin kamfanin da sa hannunsa na gaskiya, ɗauke da ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar shigar masu kutse, kuma kwamfutoci kusan miliyan 2.27 suka sauke ta. Buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya duba rubutun da aka gina ta da shi, ita ma ba ta tsira ba: a watan Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya tono ƙofar baya da aka dasa a xz, ƙaramar manhajar matse fayil da Linux ke dogaro da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da aikin har aka amince masa. Buɗewar ce ta sa aka kama shi, amma ƙarancin hannaye ne ya ba shi ƙofa. Kowace manhaja da ka ƙara, ka ƙara mutum ɗaya ke nan da ka miƙa wa amana.

To ta kyauta ko ta kuɗi? WinRAR na ba da gwajin kwana 40, lasisinta kusan dala 30. 7-Zip kyauta ce har ga ofis da kamfani, tana buɗe RAR, ƙirƙirar sa ne kawai ba ta yi. In ba dole sai ka aika wa wani RAR ba, ban ga dalilin biya ba. Inda kuɗi ke da amfani shi ne inda kake buƙatar wanda za ka kama in abu ya lalace, ko aikin da ke taɓa ajiyarka kai tsaye. Amma biya ba ya sayen ɗorewa. Bartender, manhajar kuɗi mai gyara sandar saman allon Mac, ta sauya hannu a 2024 ba tare da an fara sanar da masu amfani da ita ba, ga shi kuwa tana aiki ne da izinin ganin abin da ke kan allo. Kyautar kamfani ma akwai abin dubawa: a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Avast, mai manhajar tsaro ta kyauta, biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta ta hannun wani reshensa. Kyautar da ta fito daga ƙungiyar sa-kai irin VideoLAN mai VLC daban take da kyautar kamfanin da ke da albashin biya. A ofis kuma a karanta sharaɗi, don wasu kyautar ta amfanin gida ce kawai.

Manhajar kuɗi da aka fasa ba ta cikin lissafin nan sam. Umarnin farko da ke biyo ta shi ne "kashe mai gadin ƙwayoyin cuta, ka ba ta izinin mai gudanarwa", wanda ya isa amsa.

Ta huɗu: wadda ke kutsawa cikin jiki

Waɗannan ba sa tsayawa a gefe. Suna shiga cikin shirin da ke zana sandar ƙasa da Start su sauya halinsa, ko su sauka har zuciyar babbar manhaja inda ake magana da na'urori. Abin da suke bayarwa babu mai bayar da shi, shi ya sa ake son su.

Da Windows 8 ta cire Start a 2012, Classic Shell, mai dawo da tsohon Start, ta zama mafakar jama'a. A watan Disambar 2017 mai ita ya ajiye aikin, kuma cikin dalilan da ya bayar har da yadda Windows 10 ke yawan sabuntawa tana karya masa abin da ya gina. Ya saki rubutun da ya gina ta da shi, wasu suka ci gaba da sunan Open-Shell. Windows 11 ta haifi nata: ExplorerPatcher ta kyauta, StartAllBack da Start11 na 'yan daloli.

Ga yadda karyewar take a zahiri. A farkon 2023 Microsoft ya sanar cewa wata sabuntawa na iya hana kwamfutocin da ke da ExplorerPatcher ko StartAllBack tashi daidai. Ka kunna, ka shigar da kalmar sirri, sai allo ya tsaya ba sanda ba Start, ko ya riƙa ƙiftawa: shirin fuskar ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Fayilolinka na nan lafiya amma ba hanyar isa gare su. Wanda ya san kan abin zai danna Ctrl da Shift da Esc ya buɗe Task Manager, daga nan ya kira mai cirewa, ko ya tashi kwamfutar a yanayin kariya (Safe Mode). Wanda bai sani ba zai ɗauka ta mutu. Masu manhajojin kan fito da gyara cikin sauri, amma gyaran sai ka iya shiga kwamfutar kafin ka saka shi. A 2024 ma, lokacin gwajin sigar Windows 11 mai suna 24H2, Windows ta riƙa ƙin sabuntawa a kwamfutocin da ke ɗauke da wasunsu sai an cire.

A Linux ma labarin bai canza ba. GNOME na fitar da sabuwar siga duk wata shida, kuma ƙare-ƙaren da ke dawo da abin da ta cire suna shiga ne cikin jikin fuskar. A siga ta 45, cikin 2023, aka sauya yadda ake rubuta su, ya zama dole kowanne a sake gyara shi. Wanda mai shi ya tafi, ya tafi ke nan.

Mafi zurfi su ne masu zama a zuciya, irin manhajojin tsaro. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft; jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cak, kuma da yawa sai da aka bi su ɗaya-ɗaya da hannu aka goge fayil guda. Ba kutse ba ne, ba kuma ƙaramin kamfani ba ne. Kuskure a wannan zurfin ba ya tsayawa kan manhajar. Siyasa ma na iya yanke ɗorewa: a 2024 Amurka ta haramta manhajar tsaro ta Kaspersky, masu amfani da ita a can suka daina samun sabuntawa a ƙarshen Satumba. Apple kuwa tun sigar Catalina ta 2019 yake korar manhajojin waje daga zuciyar macOS, har ta kai a sababbin Mac sai ka sassauta matakin tsaron kwamfutar da hannunka kafin irin waɗannan su yi aiki. Mai sayen manhajar NTFS ya duba ko tasa na buƙatar haka.

Masu "wanke" rajistar Windows (kundin saitunanta) da masu "sabunta direbobi" (shirye-shiryen da ke haɗa ta da na'urori) su ne na fi ƙi a wannan rukuni, domin zurfinsu ya kai na sauran amma babu giɓin gaske da suke cikewa. Microsoft ya fito fili ya ce ba ya goyon bayan amfani da masu wanke rajista, kuma direbobi na zuwa ta Windows Update ko shafin wanda ya ƙera kwamfutar. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Ban ce kada a taɓa wannan hanya ba. Wanda ke wuni a gaban allo, kuma sandar gefe na rage masa wahala a kowace awa, yana da hujja. Sharaɗin shi ne ladabi: ya sabunta manhajar kafin ya bar Windows ta sabunta, ya jinkirta babbar sabuntawa (Windows na ba da damar dakatarwa har mako biyar), ya riƙa ajiye kwafin fayilolinsa a waje, kuma ya koyi cire ta tun kafin ranar buƙata.

Ta biyar: sauya sheƙa

Idan giɓin ya yi yawa, wataƙila ba a inda ya dace kake ba. KDE Plasma, wata fuskar Linux, na barin ka ka sa sanda a duk gefen da kake so, Linux Mint kuma ta zo da fuskar da mai Windows 7 zai gane nan take, duk kyauta kuma a ciki suke. Komawa Mac na nufin sayen sabuwar na'ura. Amma giɓi ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa: Photoshop da Microsoft Office na kan kwamfuta ba su da sigar Linux, wasu wasanni ba sa tashi, sai ka koma dogaro da LibreOffice a madadin Office, ko Wine mai kunna manhajojin Windows a Linux. Ita ce hanya mafi cin lokaci a farko.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Abin da ke ciki | Babu | Mai ƙarfi, sai in kamfani ya cire | Ba ɗawainiya | Babu ƙari |
| Ƙarin kamfani | Kyauta ko ɗan kaɗan | Mai kyau | Mai sauƙi | Kaɗan |
| Ta waje mai zaman kanta, kyauta | Babu | Mai kyau in tsohuwa ce da ake kula da ita | Sabuntawa na kanka | Ya danganta da inda ka sauke |
| Ta waje mai zaman kanta, ta kuɗi | Biya ɗaya ko duk shekara | Tana iya sauya hannu | Akwai wanda za a tuntuɓa | Matsakaici, duba izini |
| Mai kutsawa ciki | Kyauta zuwa na shekara-shekara | Rauni, kowace sabuntawa jarrabawa ce | Sai da sa ido | Babba, tana iya hana tashi |
| Sauya babbar manhaja | Kyauta ko sabuwar na'ura | Mai ƙarfi | Wahala a farko | Rasa manhajar da ka saba |

Wa ya dace da wace

Ɗalibi ko mai amfanin gida, wanda aikinsa rubutu ne da bincike da kallo: ya fara duba abin da ke ciki, ya bar Defender a kunne, ya ƙara biyu ko uku daga hanya ta uku, kamar 7-Zip da VLC, daga shafinsu na asali ko ta winget. Wannan ya ishe shi.

Wanda ke shirya wa wani kwamfuta, iyaye ne ko wanda bai saba ba: hanya ta ɗaya, da abin da ke sabunta kansa kawai. Duk abin da ka saka daga hanya ta huɗu, kai za a kira ranar da allo ya yi baƙi, kuma mai yiwuwa kana nesa.

Wanda kwamfuta ɗaya gare shi kuma da ita yake neman abinci: ta biyu da ta uku a buɗe suke gare shi, har da biyan kuɗi inda aikin ya taɓa ajiya. Ta huɗu ya bar ta, ko da sabon Start na ba shi haushi, domin kwana ɗaya ba aiki ya fi wannan haushin tsada.

Mai yawo da faifai tsakanin Mac da Windows: in faifansa ne, exFAT. In na mutane ne ake kawo masa kuma dole ya rubuta a kai, ya sayi manhajar NTFS daga kamfanin da ya daɗe a harkar, ya tabbatar ta dace da sigar macOS ɗinsa kafin kowace babbar sabuntawa.

Ofis mai kwamfutoci da yawa: jerin manhajojin da aka amince da su, gajere, da mutum ɗaya da ke da alhakin sabunta su. Idan doka ko abokin hulɗa ya wajabta manhajar tsaro ta waje, a nemi wadda ke barin a fara gwada sabuntawa a kan 'yan kwamfutoci kafin ta bazu.

Mai son kwance-kwance, wanda ke da kwamfuta ta biyu ko kwafin komai a ajiye: hanya ta huɗu tasa ce, da sharuɗɗan da aka ambata.

Wanda kuwa ya duba ya ga Start ɗinsa na waje ne, sandarsa ta waje, mai binciken fayil na waje, har da shirin da ke hana Windows sabuntawa, ya sa Linux Mint ko wata mai KDE Plasma a filashi ya tashi kwamfutar da ita ba tare da ya goge komai ba. Ya gwada firinta, ya gwada Wi-Fi da sauti da kyamara, sannan ya buɗe fayilolin aikinsa na gaske, musamman na manhajar nan guda da ba zai iya aiki babu ita ba. In ta buɗe su daidai, sai ya raba faifan gida biyu ya riƙe Windows a gefe tukuna.